Sin, Indiya da man Tekun Fasha: tambayoyi da amsoshi kan sabuwar takarar neman gindin zama

Wanda ya saba sauraren labaran duniya tun shekarun 1990 ya san cewa da an ambaci man Larabawa, sunan da ke biyo baya shi ne Amurka. Yau kuwa jiragen dakon mai da ke fitowa daga Tekun Fasha, mafi yawansu gabas suke dosa. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan sauyi, da amsoshinsu.

Wane yanki ake nufi, kuma me ya sa idon kowa ke kansa?

Ƙasashe 8 ne suka kewaye Tekun Fasha: Saudiyya, Iran, Iraƙi, Kuwait, Katar, Bahrain, Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Kusan rabin ɗanyen man da aka tabbatar yana kwance a ƙarƙashin ƙasa a duk duniya yana wannan yanki, kuma haƙo shi bai da tsada idan aka kwatanta da na cikin teku mai zurfi irin wanda ake haƙowa a gabar Najeriya ko Burazil. Ga kuma iskar gas, wadda Katar da Iran ke tarayya a kan rijiya mafi girma a duniya.

Matsalar ita ce ƙofar fita ɗaya ce. Mashigin Hormuz, tsakanin Iran da Oman, faɗinsa bai wuce kilomita 33 ba a inda ya fi matsewa. A shekarar 2024 ganga kusan miliyan 20 ke ratsa shi kullum, wato kimanin kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na ɗanyen man nan nahiyar Asiya ya nufa. Saudiyya na da bututun da ke kai mai Yanbu a Bahar Maliya, Daular Larabawa na da wanda ke fita Fujaira, amma su biyun ba za su ɗauke duk abin da mashigin ke ɗauka ba. Kuwait, Katar da Bahrain kuwa ba su da wata ƙofar.

Ba Amurka ce ke riƙe da yankin ba?

Ta fuskar soja, ita ce. Tarihin ya faro ne a watan Fabrairun 1945, lokacin da Shugaba Roosevelt ya gana da Sarki Abdul'aziz a cikin jirgin ruwan yaƙi a mashigin Suwez, shekaru 7 bayan kamfanin Amurkawa ya haƙo mai a Dammam. Birtaniya ta kwashe sojojinta daga yankin a 1971. A 1980, bayan juyin juya halin Iran da shigar Tarayyar Sobiyat Afganistan, Shugaba Carter ya fito fili ya ce duk wata ƙasar waje da ta nemi mamaye Tekun Fasha, Amurka za ta tare ta da ƙarfin soja. An ga hakan a aikace a 1991 da aka kori sojojin Saddam daga Kuwait. Rundunar ruwan Amurka ta biyar tana da mazauni a Bahrain, babban sansanin jiragen samanta na yankin kuma yana Al-Udeid a Katar.

To me ya canza?

Abu biyu suka haɗu a lokaci guda. Amurka ta gano dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta tatso mai daga cikinsu, har ta zama kan gaba wajen haƙo ɗanyen mai a 2018, ta kuma haura ganga miliyan 13 a rana a 2024. Buƙatarta ga man Larabawa ta ragu ƙwarai. A ɗaya gefen, Sin wadda har farkon shekarun 1990 take sayar da rarar manta, ta koma mai saye a 1993, ta zarce Amurka wajen shigo da ɗanyen mai a 2017. Tana shigo da ganga kusan miliyan 11 a rana, fiye da kashi 40 cikin 100 daga Gabas ta Tsakiya. Indiya kuma ta zama ta uku a duniya wajen shan mai, alhali sama da kashi 85 cikin 100 na ɗanyen man da take tacewa saye take yi.

Sai kuma wani abu da ya girgiza masarautun. Ranar 14 ga Satumban 2019 aka kai hari da jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami kan cibiyoyin Aramco, kamfanin man Saudiyya, a Abƙaiƙ da Khurais, rabin man da Saudiyya ke haƙowa ya tsaya cak na ɗan lokaci. Riyad da Washington duka suka ɗora wa Iran laifi, Iran ta musanta, Amurka kuma ba ta mayar da martanin soja ba. Tun daga ranar sarakunan yankin suka shiga tambayar kansu ko kariyar da suke samu daga Amurka tana nan da ƙarfinta.

Me Sin ta samu a yankin zuwa yanzu?

Da yawa, kuma cikin ɗan lokaci, in aka tuna cewa sai a 1990 ta ƙulla hulɗar jakadanci da Saudiyya. Yanzu ita ce babbar abokiyar cinikin masarautar. Alhazanmu ma sun taɓa aikinta da hannunsu: jirgin ƙasan da ke jigila tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa, wanda ya fara aiki a 2010, kamfanin gwamnatin Sin ne ya gina shi. Idan alhaji ya gama jifa ya shiga kasuwa sayen tsaraba, ya juya carbi ko dardumar salla ya duba tambarin da ke jiki, sau da yawa sunan Sin zai gani, mai shagon da ke masa ciniki kuma wataƙila ɗan Indiya ne ko Bangaladash ko Pakistan.

A harkar man kanta, Sin ba saye kaɗai take yi ba. Kamfanin manta na Sinopec na da hannun jari a matatar Yanbu tare da Aramco. Ita ma Aramco ta sayi kashi 10 cikin 100 na kamfanin Rongsheng na Sin a 2023, domin ta tabbatar wa kanta kasuwa ta dindindin. A watan Nuwamban 2022 Katar ta sa hannu da Sinopec kan sayar da iskar gas tan miliyan 4 duk shekara na tsawon shekaru 27.

Inda abin ya fi ban mamaki shi ne Iraƙi. Amurka ce ta yi yaƙin 2003, ta kashe dukiya da rayuka, amma da aka buɗe rijiyoyin man ƙasar ga kamfanonin waje, na Sin ne suka fi kwasar rabo. Suna rijiyoyin Ahdab, Halfaya da Rumaila, sannan a farkon 2024 PetroChina ta karɓi jagorancin rijiyar Ƙurna ta Yamma ta ɗaya daga hannun ExxonMobil. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iraƙi ta ba da kwangiloli masu ƙaramar riba a kan kowace ganga, kamfanonin Yamma masu amsa tambayar masu hannun jari suka ga abin bai biya ba, na Sin kuwa man kansa suke so ya isa gida.

Ban da mai akwai tashar kwantena ta kamfanin jiragen ruwan Sin, COSCO, a Abu Dhabi, da layukan sadarwar Huawei, da jiragen yaƙi marasa matuƙa da Saudiyya da Daular Larabawa suka saya daga Sin lokacin da Amurka ta hana su nata.

Ta yaya man Iran ke isa Sin alhali akwai takunkumi?

Ta bayan gida, kuma kowa ya san hanyar. Tsohon jirgin dakon mai, wanda sau da yawa ba a san takamaiman mai shi ba, zai yi lodi a tsibirin Kharg, ya kashe na'urar da ke nuna inda yake, ya ratsa Tekun Indiya. Idan ya isa ruwan da ke kusa da Malesiya, sai ya jingina da wani jirgin a tsakiyar teku, a zura bututu a juye man. Jirgi na biyu ya ci gaba da takardun da ke cewa man Malesiya ne. Shi ya sa a wasu shekarun alƙaluman kwastan na Sin ke nuna ta sayi mai daga Malesiya fiye da duk abin da Malesiyar ke haƙowa.

Masu saye galibi ƙananan matatu ne masu zaman kansu a lardin Shandong, waɗanda ba su da wata harka da bankunan Amurka balle takunkumi ya taɓa su sosai. Ana biya da kuɗin Sin, yuwan, ta ƙananan bankuna. Ta wannan hanya Sin ta riƙa ɗauke kusan kashi 90 cikin 100 na man da Iran ke fitarwa a 'yan shekarun nan. Kada a ɗauka taimako ne. Mai saye ɗaya tilo shi ke yanka farashi, kuma rangwamen da Iran ke bayarwa ba don so ba ne. Yarjejeniyar shekaru 25 da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a 2021 an yi ta kururuta ta, amma jarin Sin da ya shiga Iran bai kama ƙafar wanda ya shiga Saudiyya da Daular Larabawa ba.

Indiya fa, da me take takara?

Da mutane, da kusanci, da daɗewa. Jirgin sama daga Mumbai zuwa Dubai sa'o'i 3 ne kawai. Kafin a san da mai, jiragen ruwan fatake ke kai da kawowa tsakanin gabar Indiya da Maskat da Basra, har ma kuɗin Indiya, rufi, shi ake kashewa a Kuwait, Bahrain, Katar da Dubai har shekarun 1960. Yau Indiyawa kusan miliyan 9 ke zaune a masarautun yankin 6. A cikinsu akwai lebura mai ɗaukar siminti cikin zafin rana, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai akanta da injiniya, akwai attajiri mai jerin manyan kantuna. A Daular Larabawa sun fi 'yan ƙasa yawa. Kuɗin da suke aikawa gida su ke riƙe da gidaje da dama a jihar Kerala.

Wannan ƙarfi ne, kuma rauni ne. Da Saddam ya mamaye Kuwait a 1990, sai da Indiya ta kwashe mutanenta kusan 170,000 ta jirgin sama. Duk wata fitina a yankin, gwamnatin Delhi tana fara lissafin rayuka kafin ta yi na ganguna. Haka kuma ba ta cika ɗaga murya kan yadda ake riƙon 'yan ci-raninta ba, ko da gobara ta kashe Indiyawa sama da 40 a wani gidan ma'aikata a Kuwait a 2024.

Narendra Modi ya je Daular Larabawa a 2015, karo na farko da firaministan Indiya ya taka ƙasar cikin shekaru 34, kuma tun daga nan bai daina zarya ba. Ƙasashen biyu sun yi yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki a 2022. Oman ta ba jiragen yaƙin Indiya damar amfani da tashar Duƙm a 2018. Da 'yan Husi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya daga ƙarshen 2023, Indiya ta baza jiragen yaƙinta a Tekun Arabiya, ta ceto ma'aikatan jiragen da aka harba, ta kuma ƙwato wani jirgi daga hannun 'yan fashin Somaliya. Sin, mai sansanin soja a Jibuti tun 2017, ba ta yi wani motsin a-zo-a-gani ba a lokacin.

Inda Indiya ta kasa shi ne aljihu da jure matsin lamba. Da Amurka ta janye mata sassauci a watan Mayun 2019, ta daina sayen man Iran gaba ɗaya. Rijiyar gas ta Farzad B, wadda kamfanin Indiya ne ya gano ta a 2008, Iran ta gaji da jira ta ba wa kamfanin cikin gida a 2021.

Sin da Indiya sun taɓa karawa kai tsaye a kan mai?

Sau da dama, kuma yawanci Sin ke yin kaye. A Angola a 2004, kamfanin ONGC na Indiya ya gama shirin sayen rabon Shell a wata rijiya ta cikin teku, sai gwamnatin Angola ta shiga tsakani, rabon ya ƙare a hannun Sinopec, a daidai lokacin da Sin ta ba ƙasar rancen dala biliyan 2. A 2005 aka sake gwabzawa kan PetroKazakhstan, wani kamfanin mai a Kazakhstan, CNPC ta Sin ta saye shi kan dala biliyan 4 da 'yan kai. A Sudan kuwa zaman tare suka yi a kamfani ɗaya, Sin na da kashi 40, Indiya 25.

A bakin Tekun Fasha takarar ta koma kan tashoshin jiragen ruwa da hanyoyi. Sin na riƙe da tashar Gwadar a Pakistan. Can yamma da ita, a gabar Iran, Indiya ta karɓi aikin tashar Chabahar, ta sa hannu kan kwangilar shekaru 10 a 2024, don ta samu hanyar zuwa Afganistan da tsakiyar Asiya ba tare da ta bi ta Pakistan ba, sai dai takunkumin Amurka bai bar aikin ya sarara ba. A taron ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, G20, na Delhi a watan Satumban 2023 aka sanar da wata hanyar da za ta haɗa Indiya da Turai ta Daular Larabawa, Saudiyya, Jodan da Isra'ila, wadda kowa ya fahimci kishiya ce ga shirin hanyoyin Sin. Wata guda bayan haka yaƙin Gaza ya ɓarke, maganar ta kwanta.

A bayan duk wannan akwai taswira. Man da Sin ke saye dole ya ratsa gaban Indiya, ya shiga mashigin Malaka, kusa da tsibiran Andaman inda Indiya ke da rundunar soja. Ƙasashen biyu kuma sun yi yaƙin iyaka a 1962, sun sake zubar da jini a kwarin Galwan da ke kan iyakarsu a 2020. Masu tsara tsaro a Beijin ba sa mantawa da wannan.

Ina Rasha da Turkiyya suka tsaya?

Rasha mai sayarwa ce, don haka abokiyar shawara ce ga Saudiyya kuma kishiyarta a kasuwa. Tun ƙarshen 2016 suke haɗa kai a OPEC+, ƙawancen ƙasashen OPEC da wasu masu fitar da mai, wajen tsayar da yawan man da za a fitar. Sun ɓata a watan Maris na 2020 har farashi ya faɗi warwas, suka shirya. A watan Oktoban 2022 suka zabtare ganga miliyan 2 a rana, watanni kaɗan bayan Shugaba Biden ya je Jidda neman a ƙara. Amma yaƙin Yukren ya sa Rasha ta karya farashin manta, ta ƙwace kasuwa: a 2023 ta zarce Saudiyya wajen sayar wa Sin, a Indiya kuma rabonta ya tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin 100 zuwa sama da kashi ɗaya cikin uku.

Turkiyya ba ta da mai mai yawa, tana da soja da hanya. Ta girke dakaru a Katar, ta ƙara su a 2017 lokacin da maƙwabta suka rufe wa Katar iyaka. Ta yi tsamin dangantaka da Riyad bayan kisan ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi a Istanbul a 2018, amma da tattalin arzikinta ya shiga matsi, Shugaba Erdogan ya zagaya yankin a 2023 ya dawo da cinikin jirage marasa matuƙa da Saudiyya. Tana kuma goyon bayan hanyar jirgin ƙasa da mota mai tsawon kilomita 1,200 daga tashar Faw ta Iraƙi zuwa iyakarta.

Sulhun da Sin ta yi tsakanin Saudiyya da Iran bai nuna ta gaji Amurka ba?

A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci. Gaskiya ne ranar 10 ga Maris 2023 aka sanar a Beijin cewa ƙasashen biyu za su maido da hulɗar da suka yanke a 2016, kuma Amurka ba za ta iya shirya wannan zama ba tunda ba ta da hulɗar jakadanci da Tehran. Sai dai Iraƙi da Oman ne suka kwashe kusan shekaru 2 suna dafa maganar. Sin ta zo a ƙarshe, ɓangarorin biyu suna buƙatar babban shaida, ta ba da zaure.

Gwaji na gaske ya zo a watan Yunin 2025, da Isra'ila ta kai wa Iran hari, Amurka ta bi da ruwan bama-bamai kan cibiyoyin nukiliya na Fordo, Natanz da Isfahan. Sin ta yi tir da baki, Rasha ma haka, ba wadda ta aika ko jirgi ɗaya. Yankin ya yi kama da kanti wanda babban mai sayayyarsa Basine ne, yaran shagon Indiyawa, mai gadin kuma Ba'amurke. Sin ba ta nuna tana sha'awar aikin gadin ba, domin yana da tsada, kuma duk wanda ya karɓe shi dole wata rana ya zaɓi tsakanin Riyad da Tehran, abin da take gudu ke nan.

Gaskiya ne Saudiyya ta daina sayar da mai da dala?

A'a. A watan Yunin 2024 wani labari ya karaɗe Facebook da WhatsApp cewa wata yarjejeniyar shekaru 50 da ta tilasta sayar da mai da dala ta ƙare. An yi yarjejeniyar haɗin gwiwar tattalin arziki tsakanin Saudiyya da Amurka a 1974, amma ba ta ƙunshi irin wannan wa'adi ba. Riyal a ɗaure yake da dala kan 3.75 tun 1986, dirhamin Daular Larabawa ma a ɗaure yake. Ƙasar da ta ɗaure kuɗinta da dala ba za ta so ta tara dukiyarta a wani kuɗin da ba a iya fitar da shi daga ƙasarsa yadda aka ga dama ba.

An dai fara gwaji. Shugaba Xi na Sin ya yi kira a Riyad a watan Disamban 2022 da a riƙa cinikin mai da gas da yuwan. A 2023 Indiya ta biya kuɗin ganga miliyan 1 na man Abu Dhabi da rufi, manyan bankunan Sin da Saudiyya kuma suka yi yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuwan biliyan 50. Inda aka bar dala da gaske shi ne cinikin Iran da Rasha, su kuwa takunkumi ne ya kore su daga cikinta.

Ƙasashen nan na Musulmi ne. Batun Musulmin Sin da na Indiya ba ya shiga lissafi?

Da wuya. A 2019, da wasu ƙasashen Yamma suka rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya suna sukar tsare Musulmin Uigur a yankin Xinjiang na Sin, Saudiyya da Daular Larabawa da Kuwait da Bahrain da Oman suna cikin waɗanda suka sa hannu a wasiƙar mara wa Sin baya. A watan Agustan shekarar, makonni kaɗan bayan Indiya ta soke matsayin musamman na Kashmir, Abu Dhabi ta rataya wa Modi lambar yabo mafi girma ta ƙasar. Inda aka ga sun motsa shi ne 2022, da wata kakakin jam'iyya mai mulki a Indiya ta yi kalaman ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Katar da Kuwait suka kira jakadun Indiya, wasu kantuna suka sauke kayan ƙasar, cikin kwanaki jam'iyyar ta dakatar da ita. Wannan ya nuna suna da abin matsa lamba idan sun so amfani da shi.

Su masarautun, wane ɓangare suka zaɓa?

Duka, gwargwadon abin da kowa zai iya ba su. Daular Larabawa ta shiga BRICS, ƙungiyar da Sin, Indiya da Rasha ke ciki, a 2024 tare da Iran, ita ce kuma ta ƙulla hulɗa da Isra'ila a 2020. Ta dakatar da tattaunawar sayen jiragen yaƙin Amurka samfurin F-35 a ƙarshen 2021 da Amurka ta matsa mata kan Huawei, amma da maganar ta zo kan na'urorin ƙirƙirarriyar basira, kamfaninta G42 ya janye daga abokan hulɗarsa na Sin, Microsoft ta zuba masa dala biliyan 1.5 a 2024. Saudiyya ta karɓi Xi da gagarumin biki a 2022, ta karɓi Trump da irinsa a watan Mayun 2025 da alƙawarin jarin dala biliyan 600. Da Isra'ila ta kai hari Doha a watan Satumban 2025, duk da sansanin Amurka da ke ƙasar, kwanaki 8 bayan haka Saudiyya ta sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Pakistan, mai makaman nukiliya kuma aminiyar Sin. Delhi ba ta ji daɗin labarin ba.

Ina ruwan Najeriya da Nijar da wannan?

Ruwa da tsaki. Abin da ya faru da Saudiyya ya riga ya faru da Najeriya, ya ma fi zafi: Amurka da ke sayen sama da ganga miliyan 1 a rana daga Najeriya a tsakiyar shekarun 2000, ta kai wata guda a 2014 ba ta sayi ko ganga ɗaya ba. Indiya ce ta cike gurbin na wasu shekaru, sai man Rasha mai rangwame ya zo ya janye ta. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, duk abin da ya taɓa farashi a Hormuz yana iso gidan mai a Kano ko Gusau ba tare da wani shamaki ba. Haka takin zamani, domin yankin na cikin manyan masu fitar da yuriya.

Nijar ta ga salon Sin a ƙofar gidanta. CNPC ce ta haƙo man Agadem, ta gina matatar Soraz kusa da Damagaram a 2011, ta shimfiɗa bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gabar Benin, ta kuma ba gwamnatin soja dala miliyan 400 a 2024 a kan man da ba a kai ga sayarwa ba. A 2025 Yamai ta kori manyan jami'an kamfanonin man Sin 3 bisa saɓani kan albashin ma'aikata 'yan ƙasa da sauran sharuɗɗa. Bambancinta da Riyad shi ne Saudiyya na da masu saye da yawa a layi da asusun ajiya mai kauri, Nijar kuwa bututu ɗaya gare ta, mai gininsa kuma shi ne mai binta bashi.

Idan duniya ta koma motocin lantarki, takarar ba za ta mutu ba?

Za ta sauya fuska. A 2024 kusan rabin sabbin motocin da aka sayar a Sin masu caji ne, buƙatarta ga fetur da dizal ta kama hanyar tsayawa. Shi ya sa Aramco ke zuba kuɗi a masana'antun Sin da ke juya ɗanyen mai zuwa roba da zaren tufafi, waɗanda ba ruwansu da irin motar da mutum ke hawa. Ƙarin buƙatar mai a shekaru masu zuwa daga Indiya ake sa ran mafi yawansa, don haka masarautun na son kafa ƙafa a can kamar yadda suka kafa a Sin. Abin bai zo musu da sauƙi ba. A 2018 Aramco da kamfanin man Abu Dhabi suka amince su shiga ginin wata katafariyar matata a Ratnagiri, a gabar yammacin Indiya, mai tace ganga miliyan 1.2 a rana, kan dala biliyan 44. Manoman mangwaro da masunta na yankin suka ce ba za su ba da filayensu ba, 'yan siyasar jihar suka bi bayansu, aikin ya tsaya a takarda.